Wa ke da kan dutse? Fashin baƙi a kan duwatsun cikin garin Bauchi

Duk wanda ka tambaya a garin nan ina ake zuwa shaƙatawa, amsar da za ta fara fito masa ita ce Yankari. Ba laifi, Yankari abin alfaharinmu ce. Tun 1956 aka keɓe dajin, aka buɗe shi ga masu ziyara a 1962, kuma ruwan ɗumin Wikki ya kai sunan Bauchi inda ƙafarmu ba ta taɓa zuwa ba. Sai dai tsakanin gari da Wikki akwai tafiyar sama da kilomita 100. Sai ka tanadi mota, ka tanadi mai, ka tanadi kuɗin shiga da guzuri. Magidancin da ke sayar da kayan miya a Kasuwar Wunti ko Muda Lawal, in ya kai iyalinsa can sau ɗaya a rayuwa ya yi ƙoƙari. Wurin da talakan birni yake samu ya miƙe ƙafa, ya sha iska, ya hangi nesa ba tare da ya sa hannu a aljihu ba, yana nan dab da shi: duwatsun da gari ya girma ya kewaye.

Ba wanda ya tsara haka. Lokacin da Malam Yakubu, almajirin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya kafa garin a farkon ƙarni na 19, dutse garkuwa ne. Labarin da muka gada ya ce maharbin nan Baushe ne ya ba shi shawarar ya zauna yamma da dutsen Warinje. Aka ja ganuwa, aka yi ƙofofi, su Ƙofar Wunti, Ƙofar Ran, Ƙofar Wambai, Ƙofar Nassarawa, duwatsu kuwa suna gefe, wurin maharba da makiyaya da masu neman itace. Da Bauchi ta zama babban birnin jiha a 1976 ma'aikata suka cika gari. Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya suka kawo ɗalibai. Daga baya rikice-rikicen Filato da na Arewa maso Gabas suka koro iyalai masu yawa da suka zo neman kwanciyar hankali. Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar Bauchi mutum kusan rabin miliyan, kuma duk mai ido ya san an wuce nan da nisa. Gini ya tsallake ganuwa, ya bi hanyar Jos, ya bi ta Dass, ya bi ta Gombe da ta Ningi. Duk filin da ke shimfiɗe an yanka shi fuloti, har da filayen ƙwallon yara da makwantan ruwa. Abin da ya gagari mai awon fili shi ne dutse, shi ya sa ya saura. Yau Dutsen Tanshi sunan unguwa ne, kuma a Gudum akwai Gudum Hausawa, akwai Gudum Sayawa, akwai Gudum Fulani, duk suna kallon dutse ɗaya in sun buɗe ƙofa da safe.

To me ke jan mutane sama? Kowa zai ce maka can ya fi sanyi. Jiki yana jin haka, amma ba tsawon dutsen ne dalili ba. Zafin iska yana raguwa da kimanin digiri 6.5 a duk mita 1,000 da aka hau, wato dutse mai tsawon mita 100 bai kai ya rage maka ko digiri ɗaya ba. Abin da kake ji iska ce mai motsi. A cikin unguwa katanga ta tare ta, rufin kwano da kwalta sun sha rana suna amayar da zafi, lungu ya matse. A sama babu abin da ke tare ta, sai ta bi jikinka ta busar da gumi. Da safiyar hunturu ma akwai wani abin: iska mai sanyi ta fi nauyi, takan kwanta ƙasa-ƙasa cikin dare, ta riƙe hayaƙin murhu da na janareto da na bolar da aka cinna wa wuta. Wanda ya hau dutse bayan asuba yakan ga hayaƙin nan shimfiɗe a kan gari, shi kuma yana samansa. Mai asma ya fi kowa sanin bambancin.

Amma dutsen kansa ba ya da sauƙin hali. Duwatsunmu irin masu taurin nan ne da ake fasawa a yi tsakuwar gini (masana ilimin duwatsu ma sun sa wa wani nau'in dutse sunan garin nan, domin a nan aka fara bayaninsa). Irin wannan dutse yana shan rana ya adana. A watan Maris da Afrilu, kafin hantsi ya dubi ludayi ba ka iya taka shi ba takalmi, kuma har bayan isha'i in ka ɗora tafin hannu za ka ji yana huci. Saboda haka lokutan da dutse ke karɓar baƙi biyu ne a yini: daga asuba zuwa hantsi, sai daga la'asar sakaliya zuwa magariba. Wannan ƙarancin lokaci shi ya haifar da tsarin da ake bi wajen raba wurin, tsarin da ba a taɓa rubuta shi ba.

Abin ya yi kama da rijiyar unguwa. Ba ta kowa ba ce, kowa kuma yana da haƙƙi a cikinta, an san lokacin masu girki, an san na 'yan garuwa, an san na masu shayar da dabbobi, ba tare da an taɓa zama an raba ba. Haka dutse. Da sassafe na masu motsa jiki ne: matasan da ke shirin gwajin shiga soja ko ɗan sanda, 'yan ƙwallo masu neman ƙarfin cinya, da dattijon da likita ya ce masa hawan jini ko ciwon suga ba ya son zama. Rana na ɗagawa sai yara su koro awaki da tumaki, domin a tsagin dutse ciyawa takan daɗe ba ta bushe ba, kuma ruwan sama yakan kwanta a kwarmin dutse kwanaki bayan ƙasa ta shanye nata. Mai maganin gargajiya yana zuwa da 'yar gatarinsa neman sassaƙen ararraɓi. Ɗalibin da ɗakinsu ya cika da hayaniya yakan ɗauki littafi ya nemi inuwar wani ɓaure da ya tsaga dutse ya fito. Da yamma sai samari masu ɗaukar hoto da bidiyo a waya, da masu neman inda sabis ya fi ƙarfi. Ran 29 ga Sha'aban ko ga Ramadan, masu duban jinjirin wata sun san tudu ya fi kwari. Da Sallah kuwa yara ne da sababbin kaya, a guje, ana ta kiran na baya ya yi sauri.

Akwai kuma masu hawa don ibada, kuma wannan ya cancanci a tsaya a kansa. Malami mai son kaɗaici yakan hau da carbinsa. Ƙungiyar masu addu'a daga coci takan hau ta yi azumi da waƙoƙinta. Tun bayan rikicin 1991, wanda ya faro daga Tafawa Ɓalewa ya shigo cikin gari, da waɗanda suka biyo bayansa, unguwanninmu sun yi ta rarrabuwa, kowa yana komawa inda nasa suka fi yawa. Yaron da aka haifa a irin wannan zama yana iya girma bai taɓa wasa da wanda ba addininsu ɗaya ba. Kasuwa tana haɗa mu, amma haɗuwar ciniki ce, kowa da abin da ya kawo shi. Asibiti yana haɗa mu, amma cikin damuwa. Kan dutse yana cikin 'yan wuraren da suka rage inda mutum biyu daga unguwanni daban za su zauna kusa da juna babu mai neman komai a wurin wani, ɗaya ya ce sannu da hutawa, ɗaya ya amsa, wani ya miƙa wa wani ruwa. Ni ina ganin wannan ya fi iskar da ake sha muhimmanci, kuma shi ne abin da za a fara rasawa in wurin ya koma hannun mutum ɗaya ko ƙungiya ɗaya. Shi ya sa nake ganin bai kamata a bar kowane ɓangare ya kafa gini na dindindin a ƙololuwar dutsen da ake tarayya a kansa ba. A hau a yi ibada, a sauko, a bar wa na baya wuri.

Sai dai in an ce filin kowa ne, a duba da kyau a ga wa ke nan, wa kuma babu. Matan da za ka gani a kan dutse galibi aiki ne ya kai su: itace, ciyawa, tsakuwa. Wadda ta hau don ta huta kawai ba ta da yawa. Ina matan Bauchi ke haɗuwa? Gidan biki, gidan suna, Islamiyya ko coci, layin awo a asibiti, kasuwa. Duk wurare ne na hidima. Likita yana gaya wa uwa ta riƙa tattaki kamar yadda yake gaya wa uba, amma ina za ta yi shi? Bakin titi, tsakanin Keke Napep da 'yan acaɓa? Abin da ke hana ta dutse ba gajiyawa ba ce, domin wadda ke ɗauko dakon itace daga sama ta nuna ƙarfin yana nan. Babu makewayi. Babu sananniyar hanya wadda in ka bi ta za ka haɗu da mutane. Ga kuma bakin jama'a, masu tambayar me ya kai ta can. Tsofaffi da masu buƙata ta musamman kuwa ba a ma sa su a lissafi, alhali dokar hana nuna wariya ga naƙasassu, wadda aka sa wa hannu a watan Janairun 2019, ta wajabta a sauƙaƙa musu shiga wuraren jama'a. Muradun ci gaba da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a 2015, waɗanda Najeriya ke cikinsu, sun ambaci wannan ƙarara: kafin 2030 a samar wa kowa filin shaƙatawa mai aminci, musamman mata da yara da tsofaffi da naƙasassu. Ma'aunin da nake amfani da shi mai sauƙi ne. Ranar da uwa za ta ɗauki goyonta da 'ya'yanta biyu ta hau da la'asar, mijinta bai damu ba, maƙwabta ba su yi gulma ba, ranar wurin ya cika sunansa.

Tsoro yana da tushe, ba zan ɓoye ba. Kowa a garin nan ya san 'yan sara-suka, kamar yadda mutanen Gombe suka san 'yan kalare, kuma an san lungun dutse yana ɓoye mai shaye-shaye da mai ƙwacen waya. Amma a lura da yadda abin ke juyawa. An yi wa wani ƙwace, labari ya bazu, iyaye suka hana yara, masu motsa jiki suka canza hanya, wuri ya zama kango, sai ɓata-gari su ƙara samun sarari. Kaɗaicin wurin ne ke ciyar da su. In ka juya shi, mai shayi ya kafa teburinsa a gindin dutse, mai rake da mai gyaɗa suka zauna, 'yan kwamitin unguwa suna zagawa, mutum ashirin suna hawa suna sauka, to mai mugun nufi ya rasa duhun da yake buƙata. Mai shayin nan ya san fuskar kowa, ya san baƙo, ya san yaron da ya hau bai sauko ba. Duk tsarin da zai fara da korar masu talla da sunan tsafta ya kori masu gadinsa na farko.

Yanzu ga tambayar da ta fi wuya: a doka, dutsen na wa ne? Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta danƙa duk ƙasar jiha a hannun gwamna, ya riƙe ta amana don jama'a, kuma filayen birni shi ke ba da takardar mallakarsu. Amma abin da ke cikin ƙasar, har da dutsen da ake fasawa don kasuwanci, dokar ma'adinai ta 2007 ta ce na gwamnatin tarayya ne, lasisin fasa shi daga Abuja yake fitowa. A gefe guda ga mai unguwa da hakimi, waɗanda a zahiri su ake fara zuwa wurinsu in ana cinikin fili, ga kuma iyalan da kakanninsu suka yi noma a gindin dutsen suna ganin gadonsu ne. Hukumar ruwa tana son tudu domin tanki, saboda in an tura ruwan madatsar Gubi sama nauyinsa ne zai gangaro da shi cikin gari ba tare da an ƙona mai ba, kuma hakan ake yi a Warinje. Kamfanonin waya suna son ƙololuwa domin eriya. Kowanne a cikin waɗannan yana da takarda ko hujja. Wanda ba shi da takarda ko ɗaya shi ne mai hawa ya sha iska, wato mafi yawan masu amfani da wurin.

Shi ya sa ba a rasa dutse rana ɗaya. Daga gindi ake cinsa. Wani ya sayi fulotin da ke manne da shi, ya ja katanga, ya ɗan ƙara taku biyar zuwa sama tunda ba mai magana. Na kusa da shi ya yi haka. Hanyar da yara ke bi ta zama lungu, lungu ya zama bayan gidan wani, wata rana ka zo ka tarar an sa ƙofar ƙarfe. Dutsen yana nan tsaye, kowa yana ganinsa daga nesa, amma ba ta inda za a hau sai an yi sallama a gidan mutum. Wanda ya je Kano ya ga yadda gidaje suka rungume Dutsen Dala, duk da tarihin Barbushe da Tsumburbura da ke kansa, ya san abin da nake nufi. Can ma dai an yi matakala, ita ce ta riƙe wa jama'a hanya.

Sai masu fasa dutse, kuma a nan ina roƙon mai karatu ya sassauta hukunci. Ka je gindin dutse da hantsi ka tsaya. Maza ne ke fara aikin: su tara itace ko tsohuwar taya a kan falalen dutse su cinna wuta, zafi ya sa fatar dutsen ta tsage, su sa ƙarfe da babbar guduma su ɓamɓaro manyan ɓaraguzai. Daga nan sai mata. Za ka ga dattijuwa zaune a ƙasa, ƙafafu a miƙe, ta kafa buhu a kan sanda biyu ya yi mata inuwa. Ta yanko robar taya ta yi zobe da ita, tana sa dutse a ciki don kada ya yi tsalle ya sami ido ko yatsa, tana bugu da 'yar guduma har ya zama tsakuwa. Yatsunta duk tsumma ne a naɗe, girarta ta yi fari da ƙura, jikanta yana kwashewa da kwano yana kai wa tsibi. Tsibin nan zai jira har mai tifa ko mai gini ya zo ya taya. In ka ce mata, “Sannu da aiki, Inna. In gwamnati ta kewaye dutsen nan fa?” abin da za ta mayar maka bai wuce, “To ɗana, su za su riƙa ba ni na cefane?” ba. Tambayarta tana bisa hanya. Ƙurar da take shaƙa tana lalata huhu a hankali, hayaƙin taya guba ne, kuma dutsen da aka fasa ba ya tsirowa. Duk da haka guduma ɗaya ba ta kai ɓarnar nakiya da injin niƙa na babban kamfani ba, wanda in ya tashi aiki gidajen kusa sukan tsattsage. Tsarin da zai kori Inna ya bar mai nakiya zalunci ne. Wanda zai yi adalci shi ne a ware inda za a ci gaba da fasawa nesa da gidaje, a hana a inda jama'a ke hawa, sannan in za a sassaƙa matakala ko a jera dutse a gefen hanya, waɗannan mutanen su za a fara ɗauka aiki, domin ba wanda ya fi su sanin jijiyar dutsen.

Akwai dalilin da ya shafi har wanda bai taɓa sha'awar hawa ba: ruwa. Falalen dutse ba ya shan ruwan sama, duk abin da ya sauka a kansa gangarowa yake yi a guje. Bishiyoyi da ciyawa da ƙasar da ke gindinsa su ke rage masa gudu su shanye wani. In aka sare su aka zuba siminti, ruwan zai nemi hanya, hanyar kuwa ɗakin wani ce. Maƙwabtanmu na Gombe, da ƙasarsu ta fi tamu yashi da laushi, sun ga yadda ruwan da ke gangarowa daga tudu yake haƙa kwazazzabai yana cin gidaje, har gwamnatinsu ta ƙaddamar da shirin dashen itatuwa na 3G a 2019. Barin gindin dutse da itatuwansa ya fi gina magudanar ruwa araha.

Wasu garuruwan sun riga mu, kuma akwai abin ɗauka da abin bari a wurinsu. A Alƙahira akwai wani tudu da ya yi shekara kusan 500 ana zuba masa shara da ɓaraguzan gini. Gidauniyar Aga Khan ta kwashe shi ta mayar da shi lambun Al-Azhar mai faɗin hekta 30, aka buɗe shi a 2005. Abin burgewa biyu ne. Na farko, an binne manyan tankunan ruwa uku na birnin a ƙarƙashin lambun, wato tanki da wurin shaƙatawa ba kishiyoyi ba ne in an yi tunani tun farko. Na biyu, aikin bai tsaya a lambu ba, ya shiga unguwar talakawa ta Darbul Ahmar da ke gefensa, aka gyara gidaje da masallatai, aka koya wa matasa sana'a. Amma ana biyan kuɗi kafin a shiga. A Abeokuta, Dutsen Olumo, inda Egbawa, wani reshe na Yarbawa, suka fake lokacin yaƙe-yaƙen ƙarni na 19, an gyara shi a 2006 har da na'urar ɗaga mutane sama, shi ma da tikiti. Ya zama wurin baƙi da 'yan makaranta masu yawon buɗe ido, wanda ake shiryawa a je, ba wanda ake bi kullum da yamma ba. Na birnin Montiriyal a Kanada ya fi kusa da abin da nake so. Tun 1876 aka buɗe dutsen da ke tsakiyar garin a matsayin filin jama'a, wanda ya tsara shi ya yi hanya mai lanƙwasa da ke hawa sannu a hankali don mai rauni ma ya kai sama, kuma dokar birnin ta hana dogayen gine-gine su zarce ƙololuwar dutsen.

Ra'ayina a kan kuɗin shiga a fili yake: kada a karɓi ko sisi daga mai hawa da ƙafa. A ce naira 200 ce kawai. Mai 'ya'ya bakwai, da shi da matarsa, naira 1,800 ke nan a fita ɗaya, kuma dattijon da ke hawa kullum saboda hawan jini zai biya naira 6,000 a wata. Ƙaramin kuɗi a bakin ƙofa ya isa ya tace jama'a, ya bar masu mota, ya mayar da yaran unguwar da suka girma a kan dutsen 'yan leƙe ta shingen waya. Na san za a ce to da me za a kula da wurin, kuma tambaya ce ta gaskiya, domin mun sha ganin abin da aka buɗe da biki ya zama kufai cikin shekara biyu. Akwai inda kuɗi yake. Hayar da kamfanonin waya ke biya don eriya, wani kaso nata ya koma wa dutsen da ke ɗauke da ita. A karɓi kuɗin ajiye mota. Masu ɗaukar hoton biki da masu shirya fim su biya. Masu shayi da masu talla su ba da ɗan abin shara a mako, su kuma a ba su wuri tabbatacce da ba mai tashinsu. Kuɗin ya shiga hannun kwamitin da ke da mai unguwa, liman, fasto, wakiliyar mata, matasa da masu fasa dutse, ana karanta lissafi a bainar jama'a.

Abin da za a gina ma ba shi da yawa, kuma gara kada ya yi yawa. Makewayi na maza da na mata a ƙasa, da ruwa. Hanya ɗaya mai sauƙin hawa, ko da ba ta kai ƙololuwa ba, wadda keken guragu zai iya bi zuwa wani masauki mai inuwa. Fitila mai aiki da hasken rana a hanyar. Ƙarfen kariya inda gangare ya yi tsanani, da gargaɗin a sauka in hadari ya haɗu, domin tsawa tudu take nema. Kada a kawo ciyawar ƙasar waje mai shan ruwa kullum a garin da famfo bai kai kowane gida ba. Gamji da ɓaure da kukkuki da ararraɓi sun saba da tsagin dutse, sun san yadda za su jure rani, abin da suke buƙata a kare su daga akuya da gatari har su yi ƙarfi.

Duk wannan yana iya jira a sami kuɗi. Abin da ba ya jira shi ne iyaka. Dokar 1978 ta ba gwamna ikon karɓe fili don amfanin jama'a, amma ta ce a biya diyyar abin da aka gina a kai. Ma'ana, fulotin da yau ciyawa ce a kansa ana iya keɓe shi da awo da sa hannu, in kuwa aka bari aka zuba tushe aka ɗora bulo, sai an biya, sai an yi rusau, sai an yi shari'a, kuma gwamnatoci ba sa son ko ɗaya daga ciki. Don haka aikin farko na masu awo ne: a zagaye kowane dutse da ke cikin gari a kafa turakun siminti a gindinsa, a bar tazara tsakaninsa da gini na ƙarshe, a shigar da hanyoyin hawa cikin taswirar unguwa a matsayin hanyar jama'a yadda ba mai iya sayar da su. Mazauna unguwa ba sai sun jira an zo musu ba. Suna iya haɗuwa da mai unguwarsu su rubuta wa ma'aikatar filaye da hukumar raya birane, su nemi a nuna musu taswirar yankinsu, su ga ko hanyar da 'ya'yansu ke bi zuwa sama tana ciki, ko kuwa tuni an ba ta lambar fuloti.